Yadda ake haɗa VPN da kwamfutar da ke cikin kwamfuta

Watannin baya wani ƙanena da ke zaune a Agege ya samu aikin shigar da bayanai da wani kamfanin ƙasar waje, irin aikin nan da ake yi daga ɗaki. Suka turo masa fayil ɗin VPN, wato bututun sirri da ke ɗaukar zirga-zirgarka ta intanet zuwa saba (wata kwamfuta ta nesa) ta fito da ita daga can, suka ce kada ya taɓa shafukan aikinsu sai ta cikinsa. Ya kunna, aiki ya tafi, amma sai bankinsa ya fara tuhumarsa don yana ganin kamar daga Turai yake shigowa, kiran bidiyo da mutanen gida na Zariya kuma ya riƙa yankewa. Wani ya ba shi shawarar ya raba gida biyu, ya buɗe wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa don aiki kaɗai. Shawara ce mai kyau. Da daddare sai ga kiransa: "Yaya, VPN ya yi kore, amma ta cikin tana nuna ina Legas, banki kuma har yanzu yana ƙina." Na ce ya karanta mini abin da ke rubuce a saitin netwok ɗinta. Ya ce Bridged Adapter, VPN ɗin kuma a kan babbar kwamfutar yake. Wato abin ya juye: harkar bankinsa na bi ta Turai, aikin kamfani na fita a fili.

Yawancinmu mun san VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022. A waya maɓalli ɗaya ne, ka danna ka wuce. A nan kuwa sai ka amsa tambayoyi biyu: a ina VPN ɗin yake zaune, kuma ta wace ƙofa kwamfutar cikin take fita.

Mai masauki da baƙuwa

Kwamfutarka ta zahiri zan riƙa kiranta mai masauki, wadda aka ƙirƙira a cikinta da manhaja kuma baƙuwa. Duk wanda ya san zaman zango ya san tsarin. Manhajar da zan yi misali da ita VirtualBox ce ta kamfanin Oracle, don kyauta ce. VMware Workstation Pro ma ya zama kyauta ga kowa tun Nuwamban 2024, kuma ƙofofinsa kusan sunayensu ɗaya.

Ƙofofin da suka shafe mu huɗu ne. A NAT, baƙuwa ba ta da ƙofar kanta, ta zauren mai masauki take fita. Duk hanyar da mai masauki ya bi, ita za ta bi, duniya kuma ba ta ma san da zamanta ba. VirtualBox yana ba ta adireshin 10.0.2.15, zauren kuma 10.0.2.2. A Bridged Adapter an fasa mata ƙofa zuwa titi: tana karɓar adireshinta kai tsaye daga rauta ko MiFi, kamar wata waya da ta shigo gidan, don haka VPN ɗin mai masauki bai shafe ta ba ko kaɗan. A Internal Network baƙi suna magana da junansu ne kawai. A Host-only Adapter baƙuwa na magana da mai masauki da sauran baƙi, ba fita waje; adireshin mai masauki a nan yawanci 192.168.56.1 ne.

Kafin ka fara

Duba ko kwamfutarka za ta ɗauki baƙuwa. A Windows buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU, ka nemi layin Virtualization. In ya ce Enabled, ka wuce. In ya ce Disabled, sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, galibi F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka kunna Intel VT-x ko AMD-V. Wanda zai je Computer Village a Ikeja sayen laftof na hannu ya yi wannan dubawar a gaban mai shago, ya kuma nemi RAM giga 8 aƙalla da SSD. Da giga 4 za ka sha wahala, ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Ga baƙuwa ina fifita Linux, Ubuntu ko Debian, don ba su da ci. Windows 11 tana neman RAM giga 4 da fili giga 64 da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, VirtualBox ya iya samar mata TPM ɗin tun fitowa ta 7.0 a 2022. Fayil ɗin Ubuntu na tebur ya kai kusan giga 6, saboda haka ka sauke da datar dare ko ka kwafa a filasha wurin wanda ka yarda da shi.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka tsallake shi: in VPN ɗin na wurin aiki ne, tambayi masu kula da kwamfutocinsu ko sun yarda a sa shi a baƙuwa. Wasu kamfanonin sun hana, wasu manhajojinsu ma sukan binciki na'urar su ƙi tashi.

Hanya ta farko: VPN a cikin baƙuwa

Wannan ita nake ba mutum tara cikin goma. Aiki na cikin akwatinsa, bankinka da WhatsApp ɗinka na waje suna tafiya da adireshin Najeriya.

Mataki na 1. Kashe baƙuwar gaba ɗaya. A VirtualBox danna Settings, shiga Network, a Adapter 1 ka zaɓi NAT a layin Attached to. Buɗe Advanced ka tabbatar Cable Connected na da alama. Me ya sa ba Bridged ba, tunda VPN ɗin a cikinta zai zauna? Saboda yadda muke rayuwa da netwok a garin nan. Da safe kana kan Wi-Fi ɗin ofis, da rana MiFi, da dare hotsifot ɗin waya ta kebul. Bridged ɗaure yake da katin netwok guda, in ka koma wani sai ka sake saiti, kuma a kan Wi-Fi ba kowace rauta ke yarda da shi ba. NAT kuwa bin mai masauki yake duk inda ya juya.

Mataki na 2. Kashe duk wani VPN da ke kan mai masauki. Kunna baƙuwar, buɗe taminal, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta:

    curl ifconfig.me

Adireshin da ya fito shi ne naka na fili, wanda MTN ko Airtel ko Glo ko Spectranet suka fitar da kai da shi. Rubuta shi a takarda, za mu dawo kansa.

Mataki na 3. Saka manhajar. In fayil ɗin da aka ba ka ya ƙare da .conf, na WireGuard ne, in.ovpn ne, na OpenVPN ne. WireGuard aikin Jason Donenfeld ne, ya shiga cikin zuciyar Linux tun fitowa ta 5.6 a 2020, ya fi sauƙi kuma ya fi jure yankewar netwok. OpenVPN ya girme shi sosai, tun 2001 yake.

    sudo apt update
    sudo apt install wireguard
    sudo cp aiki.conf /etc/wireguard/wg0.conf
    sudo chmod 600 /etc/wireguard/wg0.conf

Layin ƙarshe yana rufe fayil ɗin, don a ciki akwai makullinka na sirri. Wanda ya samu wannan fayil ya zama kai a idon saba. Kada ka tura shi a guruf don neman taimako. In dole ne ka nuna wa wani, goge layin PrivateKey tukuna.

Mataki na 4. Buɗe fayil ɗin ka karanta, kada ka kunna shi a makance:

    sudo nano /etc/wireguard/wg0.conf

Layuka huɗu za ka nema.

    DNS = 10.8.0.1
    Endpoint = 203.0.113.5:51820
    AllowedIPs = 0.0.0.0/0, ::/0
    PersistentKeepalive = 25

Lambobin farkon biyu misali ne, naka za su bambanta. Endpoint shi ne adireshin sabar, 51820 kuma ƙofar da WireGuard ya saba amfani da ita. AllowedIPs shi ne ke yanke abin da zai shiga bututun. In ka ga 0.0.0.0/0, komai na baƙuwar zai bi ta ciki. In kuwa ka ga wani abu kamar 10.20.0.0/16 kaɗai, to shafukan cikin gidan kamfani ne kawai ke bi, sauran na fita a fili, kuma da gangan aka yi hakan. Mutane da yawa sukan ɗauka VPN ɗinsu ya lalace don adireshinsu bai canza ba, alhali haka aka tsara shi. In na kamfani ne, bar shi yadda suka turo.

PersistentKeepalive yana da muhimmanci gare mu. Kamfanonin layin waya suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma in layinka ya yi shiru na ɗan lokaci sai su manta da hanyarka. Ga shi kuma VirtualBox ya ƙara nasa zauren a kai. Wannan layin yana sa baƙuwa ta riƙa yin gyaran murya duk daƙiƙa 25. In babu shi a sashen Peer, ƙara shi.

Mataki na 5. Kunna:

    sudo wg-quick up wg0
    sudo wg show

Nemi layin latest handshake. In yana nan da 'yan daƙiƙoƙi a gabansa, an gaisa da saba. In babu shi, kuma layin transfer na nuna ana aikawa ba a karɓa, to ba a haɗu ba, komai kyan alamar da kake gani. In ya yi ƙorafin ba ya ganin resolvconf, rubuta sudo apt install resolvconf ka sake.

Mai OpenVPN ya saka network-manager-openvpn-gnome, ya shiga saitin netwok na Ubuntu, ya danna alamar ƙari a gaban VPN, ya zaɓi Import from file. Na fi son wannan a kan kunna shi daga taminal, don ta taminal sau da yawa bututun na tashi amma DNS bai canza ba. Mai baƙuwar Windows kuma ya sauke manhajar WireGuard daga shafinsu, ya danna Import tunnel, sannan Activate.

Mataki na 6, gwaji. Nan ne mutane ke gajiya, nan ne kuma amfanin abin yake. Sake rubuta curl ifconfig.me a baƙuwa: in AllowedIPs ɗinka 0.0.0.0/0 ne, adireshin ya kamata ya bambanta da na takardarka. Koma mai masauki ka buɗe ifconfig.me a burauza: shi kuma ya kamata ya zama na takardar. In haka ta faru, gida ya rabu biyu.

Sai DNS. Shi ne mai nuna hanya, wanda kwamfuta ke tambaya adireshin kowane shafi kafin ta je. Ana iya samun kayanka na tafiya a rufe amma tambayar hanya tana fita a fili, ta yadda kamfanin layinka na ganin sunan duk shafin da ka nufa. Rubuta resolvectl status ka ga ko DNS ɗin da ke ƙarƙashin wg0 shi ne na fayil ɗinka. Sannan buɗe dnsleaktest.com daga cikin baƙuwa. In ka ga sunan kamfanin layinka na Najeriya a sakamakon, akwai yoyo. A ƙarshe gwada curl -6 ifconfig.me. In bai amsa ba, ba laifi. In ya amsa da adireshin da ba na VPN ba, to sashen ::/0 ne babu a AllowedIPs.

Mataki na 7. Kulle ƙofa, ta yadda in VPN ya faɗi baƙuwa za ta yi shiru maimakon ta fita a fili. A garin da wuta ke ɗaukewa MiFi ya mutu ya dawo ba ka sani ba, wannan ba ado ba ne.

    sudo ufw default deny incoming
    sudo ufw default deny outgoing
    sudo ufw allow out on wg0 from any to any
    sudo ufw allow out on enp0s3 to 203.0.113.5 port 51820 proto udp
    sudo ufw allow out on enp0s3 to any port 67 proto udp
    sudo ufw enable

Sa adireshin sabarka a wurin 203.0.113.5. Sunan enp0s3 shi ne na katin farko a VirtualBox, ka tabbatar da ip addr. Lura: bayan wannan kullewa baƙuwa ba za ta iya tambayar DNS kafin bututu ya tashi ba, don haka in Endpoint ɗinka suna ne ba lamba ba, nemo lambar da nslookup tun kafin ka kulle ka sa ta a fayil ɗin. Yanzu ka kashe bututun da sudo wg-quick down wg0, ka gwada buɗe kowane shafi. Dole ya ƙi. In ya buɗe, ba ka kulle ba. A manhajar WireGuard ta Windows akwai akwatin Block untunneled traffic a wurin gyara saiti, shi ke yin wannan aikin.

Don ya riƙa tashi da kansa duk sanda ka kunna baƙuwa:

    sudo systemctl enable wg-quick@wg0

Hanya ta biyu: VPN a kan mai masauki

Ana bukatarta in manhajar VPN ɗin ba ta da ta Linux, ko rajistarka ta na'ura ɗaya ce. Saitin gajere ne: baƙuwa a NAT, kunna VPN a kan mai masauki, sannan ka kunna baƙuwa. Ba ka saka komai a cikinta. Yi gwajin mataki na 6, wannan karon adireshin biyun su zama ɗaya, na VPN.

Inda take ba da ciwon kai shi ne DNS. In baƙuwa ta riga VPN tashi, takan riƙe tsohon mai nuna hanya, sai ka ga ping 1.1.1.1 na amsawa amma shafuka ba sa buɗewa. Maganin shi ne a ce wa VirtualBox ya riƙa miƙa tambayoyinta ga mai masauki. Kashe baƙuwar, buɗe Command Prompt, ka rubuta:

    cd "C:\Program Files\Oracle\VirtualBox"
    VBoxManage modifyvm "sunan-bakuwa" --natdnshostresolver1 on

Wasu manhajojin VPN suna ba ka damar zaɓar manhajojin da za su bi bututu. In kana amfani da wannan, sani cewa a idon Windows duk zirga-zirgar baƙuwar NAT daga VirtualBoxVM.exe take fitowa, a VMware kuma daga vmnat.exe. Shi za ka sa a jerin. Manhajojin kamfanoni kuma, irin su Cisco Secure Client, ana iya saita su su toshe maganar cikin gida, sai Host-only ya daina aiki muddin VPN na kunne. Wannan daga wurinsu aka kulle, ba abin da za ka gyara a gefenka.

Raunin wannan hanya shi ne baƙuwa ba ta san ko VPN ya faɗi ba. Kunna kill switch, wato makullin da ke tsayar da intanet in VPN ya faɗi, a manhajar mai masauki, ka gwada shi da idonka.

Hanya ta uku: baƙuwa ɗaya ta zama mai gadi

Wannan ta masu baƙi da yawa ce: ɗalibin tsaron intanet mai Kali (Linux ɗin masu gwajin tsaro) da Windows na gwaji, ko ƙaramin ofis. Ana ware baƙuwa ɗaya ƙarama ta riƙe VPN, sauran ba su da wata hanyar fita sai ta wurinta.  Ita ce hanya mafi ƙarfi, don ko wata muguwar manhaja ta shiga ɗaya daga cikin baƙin ta kashe mata kariya, ba ta da ƙofar da za ta bi.

Ƙirƙiri baƙuwar Debian marar tebur, RAM giga 1 ya ishe ta. Ba ta kati biyu: Adapter 1 a NAT, Adapter 2 a Internal Network, ka raɗa masa suna, a ce zaure. Saka WireGuard kamar yadda muka yi a sama har ka ga gaisuwa. A fayil ɗin /etc/network/interfaces ƙara:

    auto enp0s8
    iface enp0s8 inet static
        address 192.168.77.1/24

Ƙirƙiri fayil /etc/sysctl.d/99-gadi.conf mai layi ɗaya, net.ipv4.ip_forward=1, ka sake kunna ta. Sannan dokokin gadi:

    sudo apt install iptables iptables-persistent
    sudo iptables -P FORWARD DROP
    sudo iptables -A FORWARD -i enp0s8 -o wg0 -j ACCEPT
    sudo iptables -A FORWARD -i wg0 -o enp0s8 -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT
    sudo iptables -t nat -A POSTROUTING -o wg0 -j MASQUERADE
    sudo iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu
    sudo netfilter-persistent save

Ma'anarsu: an hana kowa wucewa, sai wanda ya fito daga zaure zai shiga bututu, da amsar da ta dawo masa. In wg0 ya faɗi, ba dokar da ta ba da izinin bi ta enp0s3, don haka kowa ya tsaya.

Sauran baƙin kati ɗaya za ka ba kowacce, Internal Network mai suna zaure, ba NAT ba Bridged. Sa musu adireshi da hannu: 192.168.77.10, .11 da sauransu, gateway 192.168.77.1, DNS kuma wanda ke fayil ɗin VPN. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar tsohon katin NAT a kunne a Adapter 1 a ƙara na zaure a Adapter 2. Wannan ƙofar baya ce a buɗe. Wanda ba ya son taminal zai iya sa OPNsense ko pfSense a matsayin mai gadin, ana saita su ta burauza, amma sun fi cin RAM.

In abu ya ƙi

An gaisa da saba, ping na tafiya, amma shafuka na tsayawa a rabi ko imel mai ɗauke da fayil ya ƙi fita. Wannan kusan kullum MTU ne, wato girman ƙunshin da hanya ke iya ɗauka. Ƙunshin yau da kullum bayit 1500 ne, WireGuard yana ɗora nasa nauyin, shi ya sa wg-quick ke sa 1420. Amma layin waya sau da yawa bai kai 1500 ba, sai manyan ƙunshi su maƙale kamar tirela a lungun kasuwa, ƙanana na wucewa. Ƙara MTU = 1280 a sashen Interface, ka sauke bututun ka tayar. In ya gyaru, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, 1320, 1360, har inda ya fara maƙalewa, ka dawo baya. Kada ka sauka ƙasa da 1280, don shi ne mafi ƙanƙantar abin da IPv6 ke karɓa.

Jiya yana aiki, yau ya ƙi gaisawa. Duba agogon baƙuwa da umarnin date. In batir ya kusa ƙarewa mukan ajiye baƙuwa a Save State, ko mu dawo da tsohon Snapshot, wato hoton yanayinta da aka adana a baya, sai ta farka da lokacin da ya wuce. WireGuard yana sa hatimin lokaci a kowace gaisuwa, saba kuma ba ta karɓar hatimin da ya gaza wanda ta riga ta gani. OpenVPN ma yana duba ranar takardar shaida. Saka Guest Additions, ƙarin manhajar VirtualBox da ake sawa a cikin baƙuwa, shi ke daidaita agogon baƙuwa da na mai masauki, ko ka gyara da hannu. Wanda ya yi kullewar mataki na 7 ya fi bukatar wannan, don baƙuwarsa ba za ta iya tambayar lokaci a intanet ba sai bututu ya tashi.

Yana aiki a gida, ya ƙi a Wi-Fi ɗin otal ko wurin aikin haɗaka. Wataƙila sun toshe UDP, ɗaya daga cikin manyan hanyoyi biyu na aika kaya a intanet (ɗayar ita ce TCP), WireGuard kuwa da UDP kaɗai yake tafiya. Koma hotsifot ɗinka, ko ka nemi fayil ɗin OpenVPN mai bi ta TCP a ƙofa ta 443, wadda shafukan intanet ke bi.

VPN ya tashi amma wasu shafukan cikin kamfani ba sa zuwa. Duba ko adireshinsu ya yi karo da naka. In suna amfani da 10.0.2, ya haɗu da zauren VirtualBox. Canza naka, baƙuwa tana kashe:

    VBoxManage modifyvm "sunan-bakuwa" --natnet1 "192.168.99.0/24"

Nauyi. In kana da zaɓin saba, fara da Landan ko Amsadam. Wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka Legas, MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS, da Equiano na Google a 2022, ta gabar yamma suke haurawa Turai, kuma zuwa Landan da dawowa na cin kusan milisakan 100. Sabar Amurka ta fi haka nisa, za ka ji shi a kiran murya. Kada kuma ka kunna VPN a mai masauki da baƙuwa lokaci guda sai da dalili, don nauyi biyu ne da matsalar MTU biyu. Wani lokacin laifin ba naka ba ne: ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka yanke a tekun kusa da Kwaddibuwa, ba saitin da zai cece ka. In kuma ka ga ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar VirtualBox, Hyper-V na Windows ne ya riƙe injin, shi ya sa baƙuwar ke jan ƙafa.

Data kuma ka sa mata ido, don yanzu kwamfuta biyu ke cin layi ɗaya, kowacce na sauke sabuntawarta. A baƙuwar Windows shiga saitin Ethernet ka kunna Metered connection.

Abin da VPN ba zai rufe maka ba

Adireshi kawai yake canzawa, ya kuma ɓoye kayanka tsakaninka da saba. In ka shiga Gmail ɗinka ko Facebook a cikin baƙuwa, sun san kai ne. Mai sabar kuma yana ganin abin da kamfanin layinka ya daina gani, shi ya sa nake tsoron VPN na kyauta da ba a san mai shi ba. In dole sai na kyauta, Proton VPN na da tsari na kyauta marar iyakar data. Ina kuma roƙon 'yan'uwana matasa: kada a yi amfani da wannan ilimi a ce wa mai ba da aiki ana Landan alhali ana Idi-Araba. Yaudara ce, albarkar kuɗin ke tafiya, kuma damfara ta intanet na da hukunci a dokar laifukan intanet ta 2015.

A Settings, ƙarƙashin General sannan Advanced, bar Shared Clipboard da Drag and Drop a Disabled in baƙuwar ta aiki ce ko ta gwajin manhajojin da ba ka yarda da su ba. In ka gama saiti kuma gwaje-gwajen sun wuce, kashe ta ka ɗauki Snapshot, don ranar da wani abu ya rikice ka dawo nan cikin minti ɗaya. Amma in za ka yi Clone don samun baƙuwa ta biyu, goge wg0.conf daga cikin sabuwar ka nemi wani fayil daban. Sabar WireGuard da makulli take gane mutum, kuma wurin da ya yi mata magana a ƙarshe take mayar wa amsa. Baƙi biyu da makulli ɗaya za su yi ta ƙwace layin daga hannun juna, wannan ta samu daƙiƙa kaɗan, waccan ta karɓe, kai kuma kana ta zagin netwok.